Taku Biyu Tsakaninta da Inna

Suwaiba mai hoto ta ɗauki amaren Malumfashi da na Kafur, ta ɗauki jarirai ranar suna, ta ɗauki matan zumunta na coci cikin ankonsu, har bijimin wani Alhaji ta taɓa ɗauka, gaba da gefe, saboda mai saye yana Legas. Amma duk faɗin kwamfutarta babu hoton uwar da ta haife ta. Akwai dai ƙeyar Inna Lauratu kala-kala, akwai gefen kunnenta, akwai wani da tafin hannunta ya cika shi fal.

Ba faɗa suka yi ba. Suwaiba 'yar fari ce, Inna kuwa mutuniyar Tsiga ce ta dauri, irin waɗanda suka riƙi kunyar ɗan fari kamar farilla. Tun da aka yaye Suwaiba aka miƙa ta hannun gwaggonta a Malumfashi, yau shekara talatin da huɗu, Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta kuma taɓa ɗaga ido ta dube ta ba, a iya saninta dai. Sunanta a bakin Inna "ta Malumfashi". In ta zo gida ta durƙusa ta gaishe ta, turmi Inna ke amsa wa, ko murhu. In akwai saƙo kuwa, ta bakin ƙanwarta Sa'adiya yake biyowa, ko da su ukun suna zaune a tsakar gida ɗaya.

Abin bai taɓa damun Suwaiba can can ba, sai bara da mahaifinsu Malam Shitu ya rasu. Aka bincika gida kaf, ba a sami hotonsa ba sai na katin zaɓe. Ta faɗaɗa shi, ta goge, ta gyara, duk da haka ya fito kamar wanda hukuma ke nema ruwa a jallo. Ita da take cin abinci da hoto! Wannan abu ya tsaya mata a rai. Ana nan kuma sai Sa'adiya, wadda ke koyarwa a firamaren Tsiga, ta kira ta a waya ta ce an kai Inna asibitin ido, likita ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana haɗa kaya. Maganin ɗigawa zai rage masa sauri, amma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Ranar Suwaiba ta yi alkawari tsakaninta da zuciyarta: za ta ɗauki fuskar Inna, da idonta a buɗe, tun yana gani.

Da can dabararta sata ce. Tana da dogon gilashin kyamara mai zumin, wanda ke jawo na nesa ya zo har gaban hanci. Takan laɓe a zaure ta auna, ita kuma Inna, kamar mai ido a ƙeya, sai ta tuna akwai abin da ta bari a ɗaki. To ko wannan dabarar ma ta zo ƙarshe a wani biki a Danja, inda wata gwaggon amarya mai ƙiba ta taso da rawa, ta kai wa kyamarar gwiwar hannu. Kyamara ta tsira, gilashi ya ɓalle ya faɗa robar zoɓo. Da ludayi aka tsamo shi.

Washegari ta shiga mota sai Funtua, shagon Aƙilu mai kayan hoto, mutumin da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba sai in yana hamma.

"Na kamfanin kyamararki yana nan, Hajiya," in ji shi, ya nuna wani kwali da haɓa. "Kuɗinsa ya sayi sabon mashin, har da hular kwano."

"Bar shi ya huta. Sai wanne?"

Ya ciro wani ɗan dunƙule, bai fi gwangwanin madara ba. "Wannan wani kamfani ne daban ya ƙera shi, a China, amma an yi shi daidai bakin irin kyamararki. Kuɗin tunkiya ne, ita ma ba mai ƙiba ba."

Ya ɗaura mata shi, ya zauna daram. Suwaiba ta murza nan, ta murza can, kan titi bai matso ba ko da taƙi ɗaya.

"Malam Aƙilu, ina zumin ɗin?"

"Babu. Lamba talatin da biyar ne, a nan aka haife shi, a nan zai mutu. In kina son abu ya matso, ke za ki matsa. Zumin ɗinsa ƙafafunki."

"To me ya iya?"

"Saita kansa. Da kyamara ta ga ido, za ki ga ɗan koren akwati ya hau kai, shi kuma ya cafke. Abin da ke baya duk ya narke, mutum ya fito shi kaɗai."

"In ina son fuska ta cika hoton fa?"

"Taku biyu tsakaninku. Kar ki wuce haka."

Suwaiba ta dubi ɗan gilashin. Taku biyu. Rabonta da kusantar Inna haka tun ranar rasuwar Malam, ran nan ma bango Inna ta fuskanta. Ta biya, ta jefa kwalin a jaka, ta fito tana jin kamar an sayar mata da takalmi ƙafa ɗaya.

Ran Asabar da hantsi ɗan acaɓa ya sauke ta a ƙofar gidansu a Tsiga. Kaka ce, tsakar gida ta cika da masara, sai ɗan lungun da za a bi a wuce. Inna na zaune a tabarma gindin mangwaro tana ɓara a faifai, Sa'adiya na gefe tana duba littattafan 'yan ajinta.

"Inna, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?"

"Lafiya lau," in ji Inna, ga masara. "Sa'adiya, tambayi ta Malumfashi ya ta baro yaran."

"Yaya, Inna ta ce ya kika baro yara."

"Ai na ji."

"To ki amsa mini in kai, ni ma ina da aikin yi."

Bayan ta sha ruwa Suwaiba ta fito da kyamara, ta faɗi abin da ya kawo ta, ba kwana-kwana.

"Ce mata ni ba amarya ba ce," in ji Inna. "Ce mata akwai na katin zaɓe, ya ishi mai nema."

Nan ran Suwaiba ya ɓaci, ta kuma bar shi ya fito. "Inna, na Baba ma na katin ne. Yana nan a bangon falona. Baƙi na tambayata ko cigiyarsa ake yi."

Hannun Inna ya tsaya a kan masara na ɗan lokaci. Sannan ya ci gaba.

"Ce mata ta ɗauka. Amma daga can."

Can ɗin shi ne bakin zaure. Suwaiba ta je ta auna, Inna ta fito 'yar mitsitsiya a tsakiyar masara, sai mai kaifin ido ne zai ce akwai mutum a hoton. Ta ƙara taku uku. Ta ƙara biyar, tana tsallake buhuna. Duk takun da ta ƙara, kan Inna sai ya ƙara sunkuyawa, kamar da igiya aka haɗa su. Da ta iso bakin tabarma, babu abin da kyamara ke gani sai tsakiyar ɗankwali.

Shi kuwa koren akwati ba ya zaman banza. An ce masa ido, bai ga na Inna ba, sai ya shiga neman wani. Ya fara sauka a kan akuyar da ke ɗaure a turke, wadda ta zuba wa kyamara ido ba ko ƙiftawa. Gilashi ya yi 'yar ƙara, ya cafke. Suwaiba ta karkata, akwati ya yi tsalle ya hau fuskar wani manomi mai fara'a da aka zana a jikin buhun taki. Ta sake karkatawa, ya koma kan akuya. A cikin rabin sa'a ta samu hotunan akuya goma sha ɗaya, kowanne garau, ana iya ƙirga gashin idonta, Inna kuwa ta narke a baya kamar yadda Aƙilu ya yi alkawari.

Sa'adiya ta leƙo allon kyamarar. "Kai, ta yi kyau. Wannan a wanke a kai wa dillali, ai sai ta yi kuɗin rago."

Suwaiba ba ta yi dariya ba. Ƙafafunta sun gaji, zuciyarta ta fi su gajiya. Ta zube a gefen tabarmar, inda tun tana yarinya ba ta taɓa zama ba, ta ɗora kyamarar a cinya, bakinta na fuskantar Inna. Ta ɗago allon baya ya kalli sama, ta sunkuyar da kai a kansa, wai za ta goge akuya. Gaskiyar magana hawaye ne suka taho, ba ta kuma son a gani. Baƙin ciki take ji irin na wanda ya yi sallama a ƙofar gidansu shekara da shekaru ba a amsa ba.

Tana nan sunkuye, allon ya koma nuna abin da ke gabanta. Koren akwati ya ɗan yi yawo, ya yi tsalle, ya tsaya cak. Gilashi ya yi 'yar ƙararsa.

Fuskar Inna ce ta cika allon. Kanta a ɗage, idonta a buɗe, akwati na zaune a kan na dama.

Suwaiba ta ɗauke numfashi. Ba ta ɗago ba, don ta san tana ɗagowa shi ke nan. Ta lallaɓa ɗan yatsa ta danna. Ƙyas.

"Sa'adiya," in ji Inna, "ce mata ta sake. Na ƙifta."

Ba ta ƙifta ba, hoton na nan a allo. Suwaiba ta sake.

"Ce mata ɗankwalina ya karkace."

Ba ta kuma kai hannu ta gyara shi ba. Suwaiba ta sake.

"Ce mata ta tsaya yadda take, ta daina motsi."

Shekara goma sha biyu Suwaiba na sana'ar nan, ita ke ce wa mutane su daina motsi, yau ga wadda ake ɗauka tana ba mai ɗauka umarni. Ta bi. Ta yi ta dannawa har wuyanta ya ƙage. Sa'adiya, wadda ko a gidan makoki ba ta rasa abin faɗa, ta daina isar da saƙon, ta kafa ido a littafi ɗaya ba ta buɗe shafi na gaba ba. Can Inna ta jawo faifanta, ta ce a ce wa ta Malumfashi akwai ɗumame a tukunya.

Ran Litinin Suwaiba ta koma shagon Aƙilu don a wanke mata babba, na bango. Ya zuba hotunan a kwamfuta, ya wuce akuya, ya tsaya a kan Inna.

"Gilashi ya yi aikinsa," in ji shi. "Dubi zanen fuskarta, ɗaya bayan ɗaya. Na kuɗin mashin ma iyakarsa ke nan. Amma ke, Hajiya, kin yi kuskure."

"Wane kuskure?"

"Ba ki ce ta kalli gilashi ba. Hoto ashirin da bakwai, babu ɗaya da ta kalle shi. Duk sama da shi kaɗan take kallo. Me ke saman kyamarar taki, tsuntsu?"

Suwaiba ta matso. Haka ne. Idon Inna bai sauka a gilashi ba, ya haye shi da kamar taƙi biyu. Ta tuna inda kyamarar take, a cinya. Ta tuna abin da ke samanta.

Aƙilu ya jawo idon dama har ya cika allon kwamfuta. A cikin baƙin idon ga rassan mangwaro, ga ɗan hasken sama, ga wata mata da shuɗin mayafi, kanta a sunkuye.

"Kin gani, har ke kin fito a ciki. Kaifinsa ke nan. In kina so in goge ki, minti biyu ne."

"Bar shi," in ji Suwaiba, da muryar da ba ta gane tata ce ba.

Sai wayarta ta yi ƙara. Sa'adiya ce.

"Yaya, Inna ta ce hoton bai yi ba."

"Ai ba ta gan shi ba tukuna. Ko wanke shi ba a yi ba."

"Na gaya mata haka. Ta ce duk da haka bai yi ba, sai an sake. Wai ki dawo ran Asabar da ɗan gwangwanin nan naki, ki zauna inda kika zauna." Sa'adiya ta rage murya. "Ta ce ki zo da hantsi, kar ki kai azahar. Lokacin ne idon ya fi gani."

Suwaiba ta zauna a kan bencin shagon, waya a kunne, ta yi kuka sosai, ba ta ko rufe fuska ba. Aƙilu ya dube ta, ya dubi kwamfuta, ya gyara murya.

"Hajiya, in gilashin ne, ba ma karɓar kayan da aka buɗe. Amma zan iya yi miki canji da mai zumin, na hannu."

Ta girgiza masa kai. Ta share ido da bakin mayafi.

"Sa'adiya, tana kusa da ke?"

"Ga ta nan, tana ɓara. Wai ba ta ji."

"Ce mata ta Malumfashi na tafe."