Benci Ɗaya da Matar Ɗana

A gidanmu ba a kiran sunan matar ɗa. Ubana bai taɓa kiran sunan matata Afiniki ba har ya mutu. Ni ma ban taɓa kiran na matar Meshak ba. Ba na cin abinci a gabanta, ba ta zama inda na zauna. In muka haɗu a hanyar rafi, sai ta ratse cikin ciyawa ta durƙusa har in wuce. Fasto ya taɓa ce mini wannan tsohon yayi ne. Na ce masa ya kula da majami'arsa.

Meshak shi ne autana. Acaba yake yi tsakanin Kagoro da Kafanchan. Wata Alhamis wani mutum ya ɗauke shi haya, suka ɗaure alade a bayan mashin, ya kai su kasuwar aladu. Ashe aladen na sata ne. Mai shi ya gane kayansa a kasuwa, ɓarawon ya tsere, mutane suka ce ai Meshak ne ya kawo. Da labari ya iso masa bai tsaya ya yi bayani ba. Ya kashe waya, ya ɓace.

Washegari da hantsi 'yan sanda suka zo. Ina gona. Matar Meshak tana kan falalen dutse bayan gida tana shanya citta. Jaririyarta, Bernice, tana barci a ɗakin Afiniki. Suka tambaye ta mijinta, ta ce ba ta san inda yake ba. Suka ce to ta shiga mota, in ya ji matarsa na hannu zai fito. Ba su bar ta ta koma ta ɗauki yarinyar ba.

Da na dawo na tarar da kuka ya cika gida. Yarinyar ba ta fara cin komai ba, nono kawai take sha. Afiniki ta dama kunu mai ruwa-ruwa ta ba ta a cokali, ta dawo da shi. Maƙwabta suka kawo madarar gwangwani, ta ƙi.

"Tsayawa za ka yi kana kallona?" in ji Afiniki.

Na yi wanka. Na sa kwat ɗin da na yi ritaya da shi daga reluwe. Ina ɗaura takalmi sai 'yata Yemima ta kira wayar uwarta. Malama ce, a garin Gidan Waya take koyarwa. Ta ce a ba ni.

"Baba, ka ji ni da kyau. Doka ta hana a kama mutum a madadin wani. Ba su da ikon riƙe ta. In ka je, abu ɗaya za ka tambaya: da wane laifi nata aka kama ta? Shi ke nan. Ina tashi daga aji zan taho."

"Na ji."

"Baba, na san ka fa. Kar ka je ka ce su riƙe ka."

"Ni na haife ki, ko ke kika haife ni?"

Na miƙa wa uwarta wayar.

A wurinmu, in yaro ya yi ɓarna ya gudu, uban gida ne ke zuwa gaban dagaci ya zauna, ya ce ga ni. Ba a taɓa mace. Na ga ubana ya yi haka lokacin da ƙanena ya saki wuta ta cinye gonar wani. Ya zauna a ƙofar dagaci har yaron ya ji kunya ya fito. Abin da na sani ke nan. Tambaya kuwa, mai roƙo ne ke yin ta. Ni ban taɓa roƙon kowa ba.

Caji ofis ɗin ƙarami ne, a bakin titi. Da shiga akwai kanta ta katako mai murfi a gefe. Wani kofur na zaune yana ɓare gyaɗa. Sa'an Meshak ne, ko bai kai ba. Na haɗa baƙaƙen da ke ƙirjinsa, Celestine. Hausarsa ta koyo ce, kamar tamu, amma tasa ta fi karyewa. Bayan kantar akwai benci ɗaya jikin bango. A nan matar Meshak take zaune, garin citta har yanzu a zaninta. Da ta gan ni ta zame za ta durƙusa.

"Baba, lafiya?" in ji kofur.

"Na zo wurin matar ɗana."

"Mene ne sunan shi?"

"Ga ta can."

"Na ce sunan shi."

"Matar Meshak."

"Baba, Matar Meshak ba suna ba ne. Ko tsufa ya cinye sunan?"

Ya juya ya faɗa wa wani abokin aikinsa da ke gefe wani abu da Turancin buroka, suka yi dariya. Na bar su suka gama.

"Ni ne uban Meshak," na ce. "Ni ne mai gidan. Ku sake ta, ku riƙe ni."

Ya daina ɓare gyaɗar.

"Kai da bakinka?"

"Da bakina."

"To. Cire takalmi, cire bel, ka shigo."

Na cire. Ya ɗaga murfin kanta, na shiga. Na tsaya gefe don ta sami hanya. Ya mai da murfin ya rufe.

"Ta wuce mana," na ce.

"Ya wuce ina? Saje ne ya kawo shi, Saje ne zai sake shi. Kai kuma ka kawo kanka. Yanzu ga baba ga mata, Meshak zai zo da gudu."

 

Na daɗe a tsaye. Gwiwata ta hagu tun zamanin ɗaukar ƙarfen dogo ba ta son tsayuwa. Matar Meshak ta lura, ta tashi ta bar mini bencin. Kofur ya daka mata tsawa ta zauna. Ni ma ya ce in zauna, nan ba coci ba ne. Na zauna a wannan ƙarshe, tana wancan. Ta juya wa bango fuska. Na sa ido a ƙofa.

Rana ta yi tsaka, ta fara juyawa. Wani mashayi a cikin sel yana rera waƙar coci, baiti ɗaya yake ta maimaitawa. Wata mata ta zo ƙarar maƙwabcinta kan akuya, aka ce ta dawo gobe. Wani ɗan sanda ya shigo da rake, suka raba. Saje bai dawo ba. Meshak bai zo ba. Dama ban sa ran zai zo ba, wayar da ke kashe ba ta kai saƙo.

Can sai na ji abokin kofur yana dariya ƙasa-ƙasa, yana nuna ta da baki. Ban so in duba ba, amma na duba. Nono ya cika mata, ya jiƙa gaban rigarta har ƙasa. Ta rungume hannu a ƙirji, bai rufe ba.

Na cire kwat ɗin. Na miƙa mata ba tare da na juya ba.

"Ke. Karɓi."

Ta karɓa da hannu biyu.

"Na gode, Baba."

Ta lulluɓa. Bayan wani lokaci ta yi magana, da bango take yi, amma ni take nufi.

"Ta sha wani abu?"

"Ba ta sha ba."

Ba ta sake tambaya ba. Na ji bencin yana ɗan motsi. Kuka take yi ba sauti.

Wajen la'asar na jiyo kukan yarinyar tun daga titi. Muryar ta dushe, kamar ta ɗan akuya da ya kwana a rami. Afiniki ce ta shigo da ita a goye. Ranar taron Zumuntar Mata ta cocinmu ce, sai matan suka bar taron suka biyo ta, duk da zanin ƙungiya iri ɗaya. Suka cika ƙofa. Ba su yi waƙa ba, ba su yi ihu ba, tsayawa kawai suka yi.

Afiniki ta sauke yarinyar za ta miƙa ta kan kanta. Kofur ya tare.

"Mama, ba a shiga da jariri bayan kanta. Oda ne."

"To miƙo mini uwar ta sama."

"Sai Saje ya zo."

"Saje ne zai ba ta nono? Kai yaro, me ka sha ka girma, fetur?"

Sai ta hango ni, ba takalmi, ba kwat, ina riƙe da wando kada ya zame.

"Au. An aike ka ɗauko mutum, ka zo ka sami wurin hutawa?"

Matar Meshak ta miƙe, hannuwanta a gaba. Kofur ya ce ta zauna. Yarinyar ta ji muryar uwarta ko warinta, ta ƙara ƙarfin kuka, sannan kukan ya fara yankewa.

A haka Sufeto ya shigo. Dogo ne, mai furfura a gemu, Hausarsa ta asali. Daga baya na ji sunansa Irfan. Daga ganinsa ya gaji.

"Me ake sayarwa a nan?"

Kofur ya ƙame. Ya ce maganar aladen nan ce, wanda ake nema ya gudu, amma matarsa da ubansa suna hannu. Sufeto ya gyaɗa kai, ya nufi ofishinsa. Ya kama ƙofa.

Na tashi tsaye. Maganar ta yi mini nauyi a baki.

"Yallaɓai, ina da tambaya."

Ya juyo.

"Da wane laifi aka kama yarinyar nan?"

"Mijinta ne ya..." in ji kofur.

"Ban tambayi na mijinta ba. Nata."

Mashayin nan yana ta baitinsa. Sufeto ya dubi kofur. Ya dubi matan da ke ƙofa. Ya dubi jaririyar.

"Wa ya kawo ta?"

"Saje, sa."

"An tambaye ta wani abu? Akwai wanda ya kawo ƙararta?"

"Babu, sa."

Ya shafa fuska da tafin hannu.

"Kai fa, Baba, me ka yi?"

"Ni na kawo kaina."

"Don me?"

"Haka ake yi a wurinmu."

"A nan ba haka ake yi ba. Doka ba ta karɓar uba a madadin ɗa, ba ta karɓar mata a madadin miji. Wanda ya kawo ta ya yi kuskure, wanda ya karɓe ka ya ƙara." Bai ba da haƙuri ba, ni ma ban nema ba. "Za ta tafi. Amma sai na ji a bakin wanda ya karɓe ta, a gaban mutanen nan, kada gobe a ce ta ɓata a hannunmu. Kai ne mai gida?"

"Ni ne."

"Wa kake karɓa? Sunanta."

Afiniki ta buɗe baki za ta faɗa. Ya ɗaga mata hannu.

"Mama, mai gida na tambaya."

Shi bai san al'adar gidanmu ba. Matan ƙofa sun sani, duk suka sunkuyar da kai. Jaririyar ta daina kuka. Bakinta a buɗe, ba abin da ke fita.

"Damaris," na ce. "Damaris Meshak."

Wata daga cikin matan ta ce, "Yesu."

Kofur ya ɗaga murfin. Ba ta kai waje ba. A nan gindin kanta ta zauna a ƙasa, ta karɓi 'yarta, ta ja kwat ɗin ta rufe su biyu. Matan suka kewaye ta da zannuwansu. Na juya ina kallon titi. Da farko shiru. Afiniki tana cewa, "Kama mana, kama, 'yar nan." Sannan na ji ƙarar haɗiya.

Kofur ya turo mini takalmi da bel, bai dube ni ba.

"In ɗanka ya dawo, ya zo ya faɗi abin da ya sani," in ji Sufeto. "Yana iya zuwa da lauya, ko da wanda ya yarda da shi. Ba wanda zai tilasta masa faɗin abin da bai yi ba."

"Zan kawo shi da kaina."

"Shi za ka kawo. Kar ka sake kawo kanka."

Ina zaune a dakalin waje ina ɗaura takalmi Yemima ta sauka daga mashin, alli har yanzu a hannunta. Ta dubi matan, ta dubi ƙafata.

"Baba, me ya sa ka cire takalmi?"

"Zafi ya ji," in ji Afiniki.

Yemima ta juya ta ciro kuɗi. Ta biya mai mashin.

Meshak ya dawo bayan 'yan kwanaki, da yunwa. Ban yi masa magana ba sai da ya ci abinci. Na sa shi gaba har caji ofis, Yemima na biye. Ya faɗi yadda aka yi, 'yan tasha biyu suka shaida haya ce ya ɗauka, aka ce ya tafi, in an neme shi ya zo. Cittar da aka bari a kan dutse akuyoyi sun tattake rabi.

Kwat ɗin ya dawo ta hannun Afiniki, a wanke, a goge. Ta rataye shi a ƙusarsa.

"Ashe ka san sunan," ta ce.

"Ina ruwanki."

Da safe na tafi duba wake a gonar bakin rafi. Na hango matar Meshak tana tahowa da bokiti a ka, yarinyar a baya. Ta ratse cikin ciyawa, ta sauke bokitin, ta durƙusa.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya."

Yarinyar ta leƙo ta gefen kafaɗar uwarta, kumatu cike, tana tsotsar hannu. Ta dube ni. Na wuce.