Sakin Layin da Aka Goge

Ɗalibai suna kiranta Jan Biro a bayan idonta. Ta sani sarai, ba ta dai taɓa nuna ta ji ba. Tun tana sabuwar malama take koyar da insha'i a aji guda, mai tagar da ba ta rufuwa sai an dake ta da tafin hannu. A da takan rungumo littattafan yara har haɓa, ta kai gida ta baje a tabarma. Kafin ta duba suna ta gane mai littafi: wannan mai danna biro har ya huda takarda, waccan mai goge kuskure da yawu, wancan kuma ƙaninsa ya zana masa mota a bangon littafin.

A shekararta ta ƙarshe kafin ritaya aka kawo kwamfutoci. Shugaban makarantar, wanda shi ma ya sha jan bironta yana yaro, ya zo da kansa ya yi mata bayani yana sosa ƙeya. Ya ce akwai manhaja a ciki da ke bin ɗalibi tun daga kalmar farko, ta nuna masa inda jimla ta yi tsawo da inda ya maimaita magana, ta kuma ajiye wa malami duk abin da aka rubuta aka goge. Malama ta ce to, Allah ya sa alheri, idanunta ma sun gaji.

Aiki ya yi sauƙi, wannan ba ta musa ba. Sai dai rubutun kowa ya koma iri ɗaya, ba ka gane hannun kowa. Takan zauna a ofis da hantsi ta rasa abin yi da yatsunta, sai ta tuna malaminta na firamare, wani tsoho mai yawan tari. Yakan bi tsakanin benci hannuwansa a baya, ya tsaya a kanka shiru, kana cikin soke layi ya ɗora yatsa ya ce a bar wannan, shi ne mai rai.

Wata rana ta ba su rubutu a kan sana'ar mahaifi. Manhajar ta jawo hankalinta ga aikin wata yarinya marar surutu da ke zama a bencin baya: ta rubuta sakin layi ta goge, ta sake rubutawa ta sake gogewa. Malama ta buɗe ta karanta. Yarinyar ta faɗi yadda babanta, mai facin taya, yake nutsa robar cikin taya a bahon ruwa yana neman inda kumfa ke tasowa, da yadda yake ba ta alli ta sa alama a wurin. Amma abin da ta miƙa a ƙarshe bai wuce cewa babanta ɗan kasuwa ne mai ƙwazo ba.

Da aka tashi Malama ta tsayar da ita ta tambaye ta dalilin goge sakin layin. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce dariya take gudu, iyayen sauran duk a ofis suke aiki. Malama ta ba ta labarin nata uban, tela, yadda ta girma a ƙarƙashin teburin keken ɗinki tana tsintar ƙyallaye, har yau in ta ji ƙarar keken sai barci ya kama ta.

"Mayar da shi, 'yata," in ji ta. "Ina so in ji yadda aka ƙare da tayar nan."

Ta mayar. Manhajar ta ce wasu jimloli sun yi tsawo, Malama ta duba ta ce gaskiyarta, suka zauna suka raba su.

Ranar karatu ta zo, yarinyar ta tashi ta karanta a gaban aji. An yi dariya kam, a daidai inda roba ta fashe ta watsa wa babanta ruwa a fuska, ita ma ta dara ta ci gaba. Da ta gama, wata a bencin gaba ta juyo ta ce ai ta san shagon, can yayanta yake kai babur ɗinsa. Malama ta bar su suka ɗan yi hirarsu kafin ta kira na gaba.