Hoton da Hamma Ya Roƙa

Zaharadeen ma'aikacin gona ne a Kazaure, amma in ka tambayi maƙwabtansa za su ce maka mai hoto ne, alhali ba shi da shago, ba shi da allo a ƙofar gida. Kyamararsa ta hannu ce, ya samo ta wurin wani mutumin Nijar a kasuwar Babura, baƙa ce mai nauyi, fentinta har ya koɗe a inda yatsa ke zama. Tun da ta shigo gidan, matarsa Sadiyya ta yi ban kwana da tsohon zaninta mai laushi, don shi ne ya koma na goge gilashi. Ya ɗauki duwatsun gari, ya ɗauki bakin dam, ya ɗauki tsofaffi a ƙofar masallaci. Duk abin da ya tsaya wuri ɗaya yana fitowa tas. Wanda ke motsi kuwa sai ya fito kamar an shafa hannu a kan ɗanyen fenti, kuma wannan ya daɗe yana ci masa rai.

Ana cikin haka, bayan an gama kwashe amfanin gona, Hamma ya zo daga rugarsu ta wajen Gwiwa. Ɗan Kawu Lado ne, yayan mahaifiyar Zaharadeen, wato taubasai ne, ba a haɗuwa sai an tsokani juna. Ya jingine sandarsa a zaure, ya dubi kyamarar da ke rataye.

"Ɗan birni, ashe har yanzu duwatsu kake ɗauka? Su dai ba sa gudu, ka huta."

"Gara duwatsu da mai warin nono," in ji Zaharadeen.

Hamma ya yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Ya zauna yana murza gefen hularsa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Bara a wajen shaɗi, inda samari ke tuɓe riga su ɗaga hannu a zabga musu bulala a haƙarƙari ba tare da fuska ta canza ba, ya kara da wani Daudu daga ƙasar Roni. Ya sha bulalarsa yana kallon madubi kamar yadda ake yi. Amma da aka watse, mutanen Daudu suka ce wai ya runtse ido, ya yatsine baki. Tun daga nan maganar take bin sa. A mashaya, a kasuwa, har ƙananan 'yan mata masu tallar fura in sun gan shi sai su matse ido su ƙyalƙyale da dariya.

"Wallahi ban motsa ba," ya ce. "Ni na san kaina. Bana za mu sake haɗuwa. Ina so ka zo da wannan abar taka, ka ɗauka daidai lokacin da bulala take kan jikina, kowa ya ga fuskata. Shi ke nan abin da nake nema a wurinka."

Zaharadeen ya ji wani daɗi ya ratsa shi. A birni ya tashi, bai taɓa tuɓe riga a filin shaɗi ba, kuma duk lokacin da ya je ruga ana tarbarsa ne da irin girmamawar da ake yi wa baƙo. Yau ga shi an zo har gida ana neman abin da shi kaɗai zai iya. Ya amsa tun kafin ya tuna cewa ko akuya mai tafiya bai taɓa ɗauka ta fito daidai ba.

Sai ya duƙufa. Ya yi ta lalube a cikin kyamarar har ya gano inda ake sa idonta ya ƙifta da sauri, da inda ake sa ta yi ta ɗauka a jere muddin yatsa na danne. Ya gane cewa saurin yana cin haske, don haka dole rana ta kasance a bayansa. Ya cika buhu da dusa ya rataye a jikin darbejiyar tsakar gida, ya ba Sadiyya sanda. Ita tana duka, shi yana durƙushe yana dannawa. Da farko kullum a makare yake, sai sanda ta tashi sannan hoton ya fito. A hankali ya koyi daina jiran ƙara, ya koma kallon kafaɗar mai duka, da ta karkata sai ya danna. Ranar da ya kama sandar a lanƙwashe cikin buhu, dusa na tashi ƙwaya-ƙwaya, sai da ya zagaya gidan yana nuna wa kowa, har da 'yarsu Mu'minat da ba ta fara magana ba.

"Abban Mu'mina, hannuna ya gaji," in ji Sadiyya. "Ka je ka nemi masu gudu da ƙafarsu."

Haka ya koma filin ƙwallon unguwa bayan la'asar. A can ne abin ya fara lalacewa. Akwai wani Lauwali mai gyaran babur, gwanin cin ƙwallo da ka, wanda ake cewa ba ya tsoron komai. Zaharadeen ya kama shi a sama, ƙwallo na manne da goshinsa, hoto mai kyau wanda ba a taɓa yin irinsa a unguwar ba. Sai dai idanun Lauwali a rufe suke gam, bakinsa ya karkace kamar mai shan maɗaci. Ya duba na wani ɗan wasan, haka. Ya duba na mai tsaron gida, haka.

Da aka tashi ya tambaye shi a cikin wasa, "Lauwali, kana rufe ido in za ka sa kai?"

"Ni? Haba Malam. In na rufe ido ta ina zan ga raga?"

Bai nuna masa ba. Ya tura babur ɗinsa ya nufi gida jiki a sanyaye, don a bayyane yake Lauwali ba ƙarya yake yi ba, iyakar abin da ya sani ya faɗa.

Washegari da hantsi ya kifa turmi, ya ɗora kyamarar a kai, ya saita ta yadda za ta ɗauka da kanta. Ya tuɓe riga, ya ari madubin Sadiyya, ya miƙa mata tsumagiya.

"A'uzu billahi. In doke ka? Me za a ce da ni?"

"Ba wanda zai gani. A hankali dai, nan gefen."

Ta daɗe tana ja da baya kafin ta yarda, kuma dukan da ta yi ko kaza ba zai kora ba. Shi kuwa ya ware ido iyakar ƙarfinsa, ya ƙura wa madubi, ya tabbatar a ransa ko gashin ido bai motsa ba. Suka sunkuya tare a kan gilashin bayan kyamarar. Ga shi nan, ƙato da shi, ido a matse, kafaɗa a ɗage har kunne. Sadiyya ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Da ta ɗago ta ga fuskarsa, dariyar ta tsaya.

"To Hamma fa?" ta tambaya.

"Shi nake tunani."

"Ka gaya masa gaskiya. Ko ka ce ta lalace, kada ka je."

Ya kira shi a waya da niyyar faɗa. Bai kai ga buɗe baki ba Hamma ya riga shi, muryarsa cike da murna. Ya riga ya shelanta a kasuwar Gwiwa, a gaban mutanen Daudu, cewa bana akwai shaidar da ba ta da dangi, ɗan'uwansa zai zo da ita daga Kazaure. "Kada ka ba ni kunya, ɗan birni. In ba ka zo ba cewa za su yi ni na hana ka." Zaharadeen ya ce Allah ya kai mu, ya kashe wayar, ya zauna riƙe da ita.

Abin ya tsaya masa a rai. In ya ƙi zuwa, an gama da Hamma. In ya je ya yi aikin da ya koya, shi da hannunsa zai gama da shi. Ya ji haushin kansa, ya ji haushin kyamarar, har ya ji haushin mutumin Nijar ɗin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Daga ƙarshe ya samo dabara: zai kashe ɗauka a jere, ya bari bulala ta sauka, ya ja numfashi ɗaya, sannan ya danna. A lokacin fuska ta koma daidai, shatar duka tana nan sabuwa, bulala ba ta yi nisa ba, kowa zai gamsu. Ya koma kan buhu don ya koya wa yatsansa jinkiri. Wani lokacin yana yi, wani lokacin kuwa kafaɗar Sadiyya na karkatawa sai ya ji ƙarar kyamara kafin ya yi niyya. Ya gaya wa kansa cewa a filin shaɗi zai fi natsuwa.

Ranar tafiya ya karɓo batir ɗinsa biyu daga wurin mai cajin waya, don unguwar ba wuta. Ya kwashe tsofaffin hotuna, ya hura gilashi ya goge, ya naɗe kyamarar a zani ya sa a leda, ya rataya a ƙirji don kada jijjigar hanya ta taɓa ta. Bai manta komai ba, kuma bai taɓa fita da zuciya mai nauyi irin ta ranar ba.

A ruga ya durƙusa ya gaishe da Kawu Lado. Tsohon ya amsa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dubi ƙullin da ke ƙirjinsa.

"Ita ce shaidar?"

"Ita ce, Kawu."

"To. Mu dai a lokacinmu abin da ido ya gani shi ke nan, in an watse an watse. Allah ya sa alheri."

Filin yana bayan kasuwa, ƙarƙashin tsamiyoyi. Mutane sun yi da'ira, makaɗa na zagayawa, 'yan mata sun jeru gefe guda da kwalliyarsu. Da aka ga mai kyamara sai aka buɗa masa hanya har gaba, abin da ba a taɓa yi masa ba a nan. Ya zaɓi wurin da rana take bayansa, ya durƙusa a gwiwa ɗaya.

Hamma ya fito ba riga, layu a damtse, ya yi kirari, ya ɗaga hannu sama da madubinsa. Daudu ya shigo da bulalar tsamiya, dogo ne siriri, ba ya gaggawa. Ya zagaya shi, ya auna, ya fasa, ya sake aunawa. Zaharadeen yana kallo ta cikin kyamara yana nanata wa kansa: bari ta sauka, ja numfashi. Sai kafaɗar Daudu ta karkata, yatsan da ya sha horo a kan buhun dusa ya yi abin da aka koya masa.

Ƙarar bulalar ta cika filin. Hamma na tsaye kamar an dasa shi, yana murmushi cikin madubi, jini na tsattsafowa a haƙarƙarinsa. Mata suka rangaɗa guɗa, makaɗa suka rufa a kansa. Daudu da kansa ya gyaɗa kai, mutanensa suka sunkuyar da kai. Duk wanda ke wurin ya ga namiji, kuma da an bar maganar a nan, da ta mutu.

Zaharadeen ya saci kallon gilashin. Bai taɓa yin hoto mai kyau kamarsa ba. Bulala a naɗe a jiki, gumi na fallatsa, kowace laya ta fito da zarenta. Fuskar kuma ita ce wadda ya gani a filin ƙwallo, ita ce wadda ya gani a tsakar gidansa. Ya kai babban yatsa yana laluben wurin gogewa.

"Ina ɗan birni? Kawo shaidata."

Hamma ne ya ratso makaɗa, fuskarsa na walƙiya, jama'a na biye da shi, har da Daudu. Kafin Zaharadeen ya miƙe ya riga ya kama igiyar kyamarar.

"Batir ya mutu," in ji Zaharadeen.

"Ga ta nan tana haske. Sakar mini mana."

Ya saki, don riƙewa a gaban mutane ma magana ce. Hamma ya kare gilashin da tafin hannu saboda rana, ya sunkuya shi kaɗai. Ya daɗe a haka. Murmushin ya tafi a hankali. Daga bayansa ana ta cewa a nuna, a nuna, makaɗa kuma ba su fasa wasa shi ba.

"Yaya Zaharadeen," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, sunan da bai taɓa kiransa da shi ba. "Wannan ni ne?"

"Kowa haka yake fitowa, Hamma. Ni ma na gwada. Ido ne, ba ya shawara da mutum. Bari in goge, babu wanda ya gani."

"Ni na gani." Ya sake duban hoton. "Ashe bara ma ba ƙarya suka yi mini ba."

Ya mayar masa da kyamarar a kife, ya haɗa masa da madubin. Ya karɓi rigarsa ya zura a kan ɗanyen ciwon, ya bi ta tsakanin makaɗan ya fita daga filin, alhali ramuwar bulalarsa a kan Daudu tana jiransa. Zaharadeen ya goge hoton nan take. Da ya ɗago, Kawu Lado na tsaye can gefe dogare da sanda, ba shi yake kallo ba, hanyar da ɗansa ya bi yake kallo.