Saniyar Aro a Gaban Kamyo

A zamanin da Kwamanda Bature ke zaune a Dogon Dutsi, an yi wani makiyayi, Manu, wanda ciwon bushiya, annobar nan ta shanu, ya share wa garke. Kawunsa Modibbo ya ba shi saniya habbanaye, aron nan na Fulani: ta haifa maka maruƙa uku su zama naka, sannan ka mai da uwar lafiya ga mai ita. Biyu sun samu. Na ukun ne ya zo da gardama.

Naƙuda ta kama saniyar a bakin hanyar Matankari, gab da magariba, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba. Ƙafar maraƙin ɗaya ta leƙo, ɗayar ta maƙale a ciki. Matar Manu, Hawwa'u, ta yi ta ƙyasta wuta, itace duk ya jiƙe. Duhu na rufowa, Manu bai iya ganin ko hannunsa. In saniyar nan ta mutu, da wane ido zai dubi Modibbo?

Sai ga kamyon wani ɗan kasuwa, babbar motar kaya, yana tafe yana facaka da taɓo. Manu ya faɗa tsakiyar hanya ya ɗaga sanda.

"Kai Bahillace, rai ya ishe ka ne?" in ji direban, wani mai suna Tukur.

"Maigida, haske nika roƙo. Don Allah."

Tukur ya leƙa, ya ga abin da ake ciki. Ya karkato kan motar, ya sakar musu manyan fitilu. Ai kuwa saniya ta zabura za ta miƙe, idanunta kamar za su faɗo.

"Ya yi yawa! Kashe ta za ka yi!" Hawwa'u ta yi ƙara.

"To, Inna, ga ƙarami." Ya murɗa wani abu, hasken ya sunkuyar da kai, ya kwanta a ƙasa daidai bayan saniyar. Amma rugugin inji bai bar ta ta natsu ba.

Manu ya dubi Tukur, ya dubi injin.

"Na gane," in ji Tukur. "In na kashe shi, hitila za ta shanye batir, motar ga ba ta tashi sai da turi." Ya kai hannu, ya kashe.

Wuri ya yi tsit. Manu ya naɗe hannun riga, ya mai da ƙafar ciki, ya lalubo ɗayar a hankali, Hawwa'u na riƙe da ƙaho tana yi wa saniyar magana da Fulatanci. Hasken ya soma ja, yana raguwa. Kafin ya mutu, maraƙi ya sulluɓo. Uwar ta yi nishi, ta miƙe da ƙafafunta, ta hau lasarsa.

Manu ya durƙusa a taɓo ya kama hannun Tukur da hannu biyu.

"Allah shi haskaka maka gabanka," ya ce da ƙyar.

"Amin. Amma tashi, addu'a ba ta tura kamyo."

Hawwa'u ta ruga zuwa rugarsu ta kirawo maza. Manu ne ya fara kafa kafaɗa a bayan motar, yana waiwayen saniyar da zai kora gidan Modibbo da ranta.