Hancin Mai Kek

Duk wanda ya san Mai Kek ya san ba ta gashi da agogo. Tana iya kasancewa a bakin ƙofa suna ciniki da mai ƙwai, sai kawai ta katse magana ta ce, "Ya yi," ta shige kicin ta sauke. Da wannan hancin ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mahaifinsu, kuma ba ta taɓa fasa yi wa masu saita ƙararrawa a waya dariya ba.

Sai wata mura mai nauyi ta kwantar da ita. Murar ta tafi, ta tafi da hancin. Ba ƙamshi, ba wari, ba ƙauri, ko albasa ta yanka sai dai hawaye. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta koma satar kallon agogo kamar mai laifi, amma obin ɗinta tsoho ne mai taurin kai, yau ya yi zafi gobe ya yi sanyi, agogo kuwa bai san halinsa ba. Kek ya fara ƙonewa.

Autarta takan leƙo ta da safe kafin ta wuce aiki, kuma ta daɗe tana so uwar ta bar gashin nan ta koma wurinta ta huta. Wata safiya ta tarar da hayaƙi yana fita ta tagar kicin, Mai Kek kuwa tana falo hankali kwance tana ninke kwalaye.

"Mama, ba ki ji ƙauri ba?"

"Na ji mana. Maiƙon obin ɗin ne, da ya ɗau zafi sai ya hau hayaƙi."

Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Maiƙon shekaru ya daskare a bangon obin ɗin, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

"To a wanke shi," in ji Auta. "Amma in an wanke abin bai daina ba, don Allah ki haƙura haka nan. Tsoro nake ji, ke kaɗai a gida da gas."

Mai shagon kayan wanki ne ya ba Mai Kek dabarar amoniya, wani ruwan wanki mai ƙarfi. Ya ce ta ɗan ɗumama obin ɗin, ta kashe, ta rufe gas ruf. Ta zuba amoniyar a kwanon tangaran a tiren sama, tukunyar ruwan zafi a ƙasa, ta rufe ƙofar ta bar shi ya kwana. Tururin ne zai yi aikin. "Ki bar taga a buɗe," ya ƙara, "kuma kada ki kuskura ki haɗa ta da bilic, ruwan nan na faranta kaya. Warin kaɗai ma zai kore ki daga kicin ɗin." Ta ce to, a ranta tana cewa ai ni yanzu ba warin da zai kore ni daga ko'ina.

Da gari ya waye ta sa safar hannu ta roba, ta durƙusa, ta ja ƙofar obin ɗin. Wani abu ya soke ta a hanci har tsakar ka. Ta ja da baya tana tari, idanunta na zuba. Sai kuma ta yi cak. Hancinta ne ya ji. Tun murar nan ba abin da ya ratsa shi sai yau.

Murna ta kama ta. Ta tuɓe safar, ta nufi kantar kayan ƙamshi, ta buɗe kwalbar banila ta kai hanci. Shiru. Ta buɗe kirfa, ta buɗe citta, ta kankare ɓawon lemo da farce ta shinshina. Duk ɗaya suke da ruwan famfo. Ta koma ta ɗan matsa kusa da kwanon amoniyar, sukar ta sake dawowa, a nan ta gane. Wannan ba jin wari ba ne, zafi ne kawai, irin wanda ido kan ji in barkono ya shiga. Baƙin cikin da ya zo mata ya fi na ranar farko, domin wannan karon sai da ta sa rai.

Ta zauna har iska ta kwashe tururin, sannan ta ɗauki soso. Mai shago bai yi ƙarya ba. Maiƙon da wuƙa ta kasa ya yi laushi, shafa ɗaya sai ya biyo soson. Tana gogewa ƙarfen yana fitowa fes, ita kuwa ta san abin da take gogewa. Daga yau in kek ya ƙone, ba sauran abin da za ta ɗora wa laifi. Ta ɗan yi tunanin barin kusurwa ɗaya da dattinta, sai abin ya ba ta kunya. Ta ɗauraye ko'ina da ruwan sabulu, ta sake ɗaurayewa, ta bar ƙofar a buɗe ya sha iska.

Tana cikin kwaɓi Auta ta shigo da jaka a kafaɗa. Ta yaba obin ɗin, sannan idonta ya sauka kan kwalaben da ke buɗe a jere, da ɓawon lemon. 

Mai Kek ta zuba kwaɓin a gwangwani, ta tura, ta rufe. Ta jawo kujera kusa da obin ɗin.

"Zauna nan. In ya fara ƙamshi ki gaya mini."

Auta ta daɗe tana kallonta. "Tun yaushe, Mama?"

"Tun murar nan."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"Ga shi na faɗa."

Auta ta dubi agogon hannunta, ta dubi uwar. Ta sauke jakar ta zauna. "Ni fa ban san ƙamshin 'ya yi' ba. Ci kawai na iya."

"Shi kam kin iya tun kina rarrafe. Saurara. Da fari za ki ji ƙarnin ƙwai, wannan ba komai ba ne. Sai man ya taso. Ki jira har sukarin ya danne man, ya ɗan yi duhu-duhu a hanci, amma bai kai ɗaci ba."

Ba ta taɓa faɗar wannan da baki ba, har ta yi mamakin yadda ya faɗu. Auta ta lumshe ido tana jan numfashi a hankali, uwar tana kallon fuskarta maimakon agogo. Can sai Auta ta ce, "Ina jin ya yi."

Mai Kek ta buɗe, ta soka tsinke a tsakiya, ta zaro. Ɗan danshi ya biyo shi. Ta mayar da ƙofar ta rufe.

"Saura kaɗan," ta ce. "Gobe ki zo da wuri."