Layar da Ta Tsayar da Fanka

Da sanyi ya kankama, fankar hitar da ke ɗumama motar Yahuza ta daina juyawa, fasinjojin Gagarawa suka fara ƙorafi. Ya kai ta wurin Mu'azzam, mai gyaran wayar mota a Gumel. Mu'azzam ya duba fiyus, lafiya lau. Ya gwada waya, wuta na zuwa. Da ya kwance fankar, sai ya zaro wata tsohuwar laya mai jar fata da ta maƙale a ciki.

"Ga ciwon motarka, direba. Taka ce?"

"Wallahi ban taɓa ganinta ba."

Yahuza ya kira Kawu Sallau na Maigatari, wanda ya sayar masa da motar. Kawu ya ce shi ma bai san da ita ba.

Yahuza ya yi ta jujjuya layar a hannu. In ta tsari ce, yar da ita wasa ne da ran fasinja. In ta sammu ce, wa aka yi wa, shi ko wani? In kuma ba ta komai, jin tsoronta ma zunubi ne.

"In ɗaura fankar, ko sai ka gama lissafin duniya?" in ji Mu'azzam.

"Mayar da layar, amma ɗaure ta nesa da fankar."

Fanka ta tashi, ɗumi ya cika motar. Yahuza ya kama hanya a hankali yana istigfari, bai san ko na ajiye layar yake yi ba ko na zarginta.