Tawadar Allo a Tafiretar Malam

Ni dai na daɗe da gajiya da tafiretar nan. Tun ina amarya maigidana Malam Sulle yake buga wa mutane takardu da ita a gindin darbejiya kusa da sakatariyar Karaye, har sunansa ya koma Sulle Tafireta. Yanzu shagunan kwamfuta sun kwashe jama'a, amma kullum sai ya ɗaure ta a bayan keke ya fita. Ba na hana shi. Na ga yadda sa'o'insa suka lalace da suka zauna a gida, daga kwanciya sai faɗa da jikoki. Fitar nan ce ke riƙe da shi, kuma ina tsoron ranar da za ta ƙare.

Sai ƙyallen tawadar ya bushe, wanda suke ce wa ribon. An duba garin Rogo babu, an aika Kano aka dawo hannu biyu. Malam ya ce shi da ya yi karatun allo, ba tawada ce za ta gagare shi ba. Ya kankare baƙin tukunyata, ya dafa da ƙaro yadda ake yi wa allo, ya tsoma ƙyallen, ya mayar da shi da danshinsa. Ranar kam tafiretar ta yi rubutu baƙi ƙirin. Ya yi ta kirana in zo in gani, ni da ko bihim ban sani ba a boko.

Da safe ƙaro ya bushe, haruffan suka manne da juna. Ya danna, ko motsi. Ya sa ruwan ɗumi, ya sa man keke, ya yi ta sakace su da tsinke har harafi ɗaya ya ɓalle a hannunsa. Ya zauna daɓas a ƙasa yana kallonta, ga hantsi ya ɗaga.

Tausayi ya kama ni. Na ɗauko igiya na ɗaure tafiretar a kan keken da kaina.

"Malam, tashi ka tafi da ita haka."

"Barira, in wani ya kawo aiki fa?"

"Haba Malam, wa zai kawo?"

Wallahi lallashi na nufa. Sannan ya miƙe, ya kwance igiyar a hankali, ya tambaye ni ko akwai wuri a ƙarƙashin gado.